Agogon Tumatir ko Killace Lokaci: Wanne Ya Dace da Ma'aikacin Abuja?

Duk wanda ya taɓa biyo hanyar Mararaba zuwa Nyanya da safiyar Litinin, ko ya taso daga Suleja ya ratsa Zuba da Kubwa tun gari bai gama wayewa ba, ya san cewa ma'aikacin Abuja yakan zubar da rabin ƙarfinsa a kan titi kafin ya sa hannu a rajistar ofis. A ƙa'ida ma'aikatun gwamnatin tarayya suna buɗewa da ƙarfe 8 na safe su tashi da ƙarfe 4 na yamma, awa takwas ke nan a rubuce. To amma idan aka fitar da gaishe-gaishen safe, da taron da aka kira na rabin awa ya cinye awa biyu, da baƙin da suka zo bin sawun fayil ko neman alfarma, da sallar azahar da ɗan abin da za a sa wa ciki, sannan da zullumin cunkoson komawa gida wanda yake fara ɗauke hankalin mutane tun wajen ƙarfe uku, abin da ya rage na aikin da ake yi cikin natsuwa bai taka kara ya karya ba. Mutum ya wuni yana kai-kawo, ya koma gida a gajiye liƙis, amma takardar da ya ƙudura rubutawa tun makon jiya tana nan a layinta na farko.

Masu neman mafita daga wannan hali galibi tsari biyu suke cin karo da su. Na farko shi ne na agogon tumatir, inda ake yanka aiki gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa minti 25. Na biyu shi ne killace lokaci, wato mutum ya raba wa ayyukansa sa'o'in wuni a takarda tun kafin ya fara, ya kuma kange wani babban yanki domin aikin da yake buƙatar zurfin tunani. Na daɗe ina amfani da su duka biyun, kuma abin da na gano shi ne ba a iya cewa ga wanda ya fi sai an fara amsa wata tambaya: lokacin aikinka a hannun wa yake? Wanda wuninsa yake hannunsa da wanda wuninsa yake hannun oga ko abokan ciniki ba magani ɗaya zai yi musu ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai matakin da ba a tsallakewa, wato tantance aikin da ya cancanci a natsu a kansa. Wanda ya shafe awa biyu cur yana gyara jerin fayilolin kwamfutarsa alhali rahoton da za a kai gaban darakta gobe yana jiransa, babu shakka ya mai da hankali, sai dai ya bar jaki yana dukan taiki. A nan ma hanya biyu ce ta fi shahara.

Ɗaya ita ce ta gidaje huɗu, wadda ake jingina wa Dwight Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961. A wani jawabi da ya yi a 1954 ya ambato maganar wani tsohon shugaban kwaleji da ya ce matsalolinsa iri biyu ne, masu gaggawa da masu muhimmanci, kuma masu gaggawar ba su da muhimmanci, masu muhimmancin kuwa ba sa zuwa da gaggawa. Wani marubuci Ba'amurke, Stephen Covey, shi ne ya yaɗa wannan tunani a 1989 a matsayin zane mai gida huɗu kamar na dara: abin da yake da muhimmanci da gaggawa a yi shi yanzu, mai muhimmanci marar gaggawa a sa masa rana, mai gaggawa marar muhimmanci a miƙa wa wani, wanda ba shi da ko ɗaya a watsar. Amfanin zanen shi ne yana tona asirin wata ɗabi'a da duk muke da ita. Wani bincike da Meng Zhu da abokan aikinta suka wallafa a 2018 ya nuna cewa mutane sukan zaɓi aikin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa ko da ladansa bai kai na wanda wa'adinsa yake da nisa ba. Gaggawa kawai takan ja hankali, ko babu riba a cikinta. Raunin zanen a ofisoshinmu kuwa a bayyane yake. Gida na uku yana ɗauka cewa kana da wanda za ka miƙa wa aiki, alhali ƙaramin ma'aikacin da yake matakin albashi na 8 shi ne wanda ake miƙa wa. Ban da haka, kusan duk takardar da ta sauko daga sama da tambarin gaggawa take zuwa, kuma ƙaramin ma'aikaci ba shi da hurumin cewa wadda babban sakatare ya aiko ba ta da muhimmanci.

Ɗaya hanyar ita ce gajeren jeri, wanda ake dangantawa da wani Ba'amurke mai ba kamfanoni shawara, Ivy Lee. Kafin ka tashi daga aiki ka rubuta abubuwa shida mafiya muhimmanci na gobe, ka jera su bisa fifiko, da safe ka fara da na ɗaya kada ka taɓa na biyu sai ka gama, abin da ya rage ya shiga jerin jibi. Ba ya buƙatar komai sai takarda da biro, kuma yana raba mutum da dogon jerin nan mai abu talatin wanda kallonsa kaɗai yake kashe jiki. A ganina shida ta yi yawa ga wunin Abuja, uku ta wadatar. Sharaɗin nan na kada a wuce sai an gama shi ma yana son sassauci, domin aikin ofis da yawa yakan tsaya ne yana jiran sa hannun wani da ya tafi taro. Idan na ɗaya ya maƙale a teburin da ba naka ba, ka rubuta ranar da za ka bi sawunsa ka wuce na biyu. Tsakanin hanyoyin biyu ba sai an yi dogon zaɓi ba: gidaje huɗu sau ɗaya a mako domin a ga inda aka dosa, gajeren jeri kullum domin a san abin da za a fara da shi.

Babban zaɓin yana wajen yadda za a zauna a kan aikin bayan an tantance shi.

Tsarin tumatir wani ɗan Italiya ne, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980 lokacin yana ɗalibin jami'a, kuma sunan ya samo asali ne daga agogon kicin mai siffar tumatir da ya riƙa saitawa, domin da Italiyanci pomodoro ake ce wa tumatir. Ƙa'idarsa ita ce a zaɓi aiki ɗaya, a saita agogo minti 25, a duƙufa har ya buga, a huta minti 5, idan an yi zagaye huɗu a yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30. Akwai sharuɗɗa biyu da yawancin masu amfani da shi suke mantawa, alhali su ne ƙashin bayansa. Na farko, zagayen ba ya rabuwa: idan ka bar aikin a minti na 12 ka amsa kira, wannan zagayen ya rushe, ba a ƙirga shi. Na biyu, duk abin da ya faɗo maka a rai kana cikin aiki, ko kuɗin makarantar yara ne ko katin wutar da ya kusa ƙarewa, ka rubuta shi a gefen takarda ka ci gaba, ba ka tashi ka yi shi ba.

Babban alherin wannan tsari shi ne yana karya nauyin farawa. Aikin da mutum ya yi mako biyu yana kewaya shi, irin su tattara rasiɗan tafiya ko amsa wasiƙar ƙorafi mai shafi biyar, idan aka ce minti 25 kawai za a ba shi sai zuciya ta yarda, kuma sau da yawa da an fara sai a tarar dutsen da ake tsoro tsibin ƙasa ne. Yana kuma sa wa aiki iyaka. A 1955 masanin tarihi ɗan Birtaniya Cyril Northcote Parkinson ya rubuta a mujallar The Economist cewa aiki yakan buɗe har ya cike duk lokacin da aka ba shi, kuma daga aikin gwamnatin ƙasarsu ya ɗauko misalansa, inda ya nuna yadda ma'aikatan hedkwatar sojan ruwa suka riƙa ƙaruwa alhali jiragen yaƙin suna raguwa. Wanda ya san sakatariyar tarayya ba sai an yi masa dogon sharhi a kan wannan ba. Wasiƙar da za ta iya cin wuni guda idan ba a sa mata iyaka ba, sai ga ta ta kammala a zagaye biyu. Alheri na uku, wanda na fi daraja shi, shi ne tsarin yana koya wa mutum sanin gaskiyar aikinsa. Bayan mako biyu kana ƙirga zagaye, za ka san cewa rubuta bayanin taro zagaye uku yake ci ba ɗaya ba, ka daina yi wa oga alkawarin abin da ba zai yiwu kafin azahar ba.

Aibinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Akwai ayyukan da minti 25 ɗin farko na shiga ne kawai, kamar daidaita alkaluman kasafi, ko rubuta lambobin manhaja, ko nazarin yarjejeniya mai sassa da yawa da suke komawa ga juna. A irin waɗannan, agogo yakan buga daidai lokacin da zaren tunani ya fara haɗuwa, sai hutun ya zama ɓarna. Hutun minti biyar ɗin ma tarko ne ga mai waya a hannu, domin babu wanda ya taɓa shiga zauren WhatsApp na 'yan ajinsu ya fito a minti biyar. Sannan akwai masu mayar da ƙirgar zagaye ita ce manufa, su yi goma sha biyu a kan ƙananan ayyuka su ji daɗi, babban aikin yana nan ba a taɓa shi ba.

Killace lokaci ya bi ta wata hanya daban. Wanda ya fi yayata shi a wannan zamani shi ne Cal Newport, malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Georgetown da ke Amurka, musamman daga 2016. Da safe, ko tun daren jiya, za ka ja layi a takarda ka rubuta sa'o'in aiki, ka ba kowane yanki aikinsa: ƙarfe 8 zuwa 10 rubuta rahoto, 10 zuwa 11 amsa saƙonni da kiran waya, 11 zuwa azahar taro, haka har tashi. Ƙananan ayyuka a tara su wuri ɗaya maimakon a bar su suna yayyafi a kan wunin duka. Idan wani abu ya rushe tsarin, ba a yar da takardar, sai a ja sabon layi a gefe a sake raba abin da ya rage na wunin.

Hujjar da take bayan wannan tsari mai ƙarfi ce. A 2009 wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna cewa idan mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, sai ingancin na biyun ya ragu. Bahaushe ya riga ya faɗa cewa taura biyu ba ta taunuwa, binciken ya ƙara da cewa ko bayan an tofar da ta farko ɗanɗanonta yana nan a baki. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, wadda ta shafe shekaru tana auna yadda ma'aikata suke amfani da kwamfuta, ta samu cewa a 2004 mutum yakan tsaya kimanin minti biyu da rabi a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin ya juya wani, a 2012 ya koma sakan 75, a shekarun baya-bayan nan kuma wajen sakan 47. Ta kuma samu cewa aikin da aka katse yakan ɗauki fiye da minti 20 kafin a dawo kansa, domin mutum yakan biya ta wasu ayyukan a tsakani. Idan haka ne, awa biyu a haɗe ta fi awa huɗu da aka daddatsa. Sai dai kada a zarce: binciken da Anders Ericsson da abokansa suka yi a 1993 a kan ɗaliban kiɗan goge irin na Turawa a birnin Balin na Jamus ya nuna cewa ko mafiya ƙwazonsu ba sa wuce kimanin awa huɗu a rana na atisaye mai tsanani, kuma a rarrabe suke yinsa da hutu a tsakani. Wanda ya killace awa bakwai na zurfin tunani a takarda, kansa yake yaudara.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da yake ba mu sa masa suna ba. Wunin Musulmi a yanke yake da salloli biyar, kuma harshenmu yana da sunan kowane yanki: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Malamin zaure yana da lokacin da yake ba da karatu da lokacin da yake ganin baƙi, kuma almajiransa ba sa haɗa su. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Sakhru al-Gamidi, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma shi Sakhru ɗan kasuwa ne da yake aika hajarsa da sassafe har ya yi arziki. Saboda haka wanda zai killace lokaci a Abuja ya fi sauƙi ya jingina yankunansa da salloli maimakon ya ƙirƙiro wasu iyakoki, domin su ne iyakokin da kowa a ofis ya riga ya amince da su.

Inda tsarin yake tuntuɓe shi ne wurin da ya haɗu da mutane. Wata Talata na killace ƙarfe 9 zuwa 11 domin rubuta bayanin kasafin sashenmu, na tura ƙofa, na kife waya. Ban kai sakin layi na uku ba masinja ya ƙwanƙwasa ya ce, "Yallaɓai, oga ya ce ka zo da fayil ɗin jiya." Na je na dawo, minti 20 sun tafi. Ina zama ke nan sai ga ƙanen mahaifina, ya taso daga gida tun jiya ya kwana a Zuba, yana rungume da ambulan mai ɗauke da takardun ɗansa da ya gama hidimar ƙasa. Na miƙe na ce, "Baffa, sannu da hanya, ya mutanen gida?" Ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Ai ba zan zauna ba, na san kuna da aiki." Sai da aka kira azahar muka fita tare. Babu ɗan da aka haifa a gidan mutunci da zai dubi baffansa ya ce masa yanzu lokacin zurfin tunani ne, ya dawo ƙarfe sha ɗaya, kuma duk tsarin da yake buƙatar haka ba zai yi mako guda a hannun Bahaushe ba. Abin da na koya ranar shi ne rufe ƙofa ba ya kare lokacin da aka killace. Abin da yake kare shi shi ne a ajiye shi a sa'ar da ba mai zuwa.

Akwai kuma matsalar ƙiyasi. Masana halayyar ɗan Adam, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana tun 1979 cewa ɗan Adam yakan raina tsawon lokacin da aiki zai ci, ko da ya sha yin irinsa ya ga yadda ya ja. Sabon mai killace lokaci yakan cika takardarsa maƙil ba tare da barin sarari ba, ƙarfe goma na yi tsarin ya wargaje, kwana uku ya ce abin ba ya aiki. Maganinsa shi ne a ƙara rabin abin da aka ƙiyasta, a kuma bar aƙalla awa guda fayau bayan azahar domin abin da zai faɗo. A nan ne ma tsarin tumatir yake yi wa ɗan'uwansa hidima, domin wanda ya taɓa ƙirga zagaye ya fi iya ƙiyasi.

Wani marubuci kuma mai zuba jari a harkar fasaha, Paul Graham, ya yi wani bambanci a 2009 da yake warware yawancin wannan muhawara. Ya ce jadawali iri biyu ne: na shugaba, wanda wuninsa a yanke yake awa-awa kuma taro shi ne aikinsa, da na mai ƙira, kamar marubuci ko mai haɗa manhaja, wanda yake buƙatar rabin wuni a haɗe, taro ɗaya a tsakiya ya isa ya lalata masa shi. Ni zan ƙara na uku wanda ya fi yawa a Abuja, wato jadawalin wanda kullum kiransa ake yi, kamar sakatare, da mataimaki na musamman, da ƙaramin jami'i, da mai shago, waɗanda ba su san abin da ƙarfe goma za ta zo da shi ba.

Ga wanda ake kira, tumatir ya fi dacewa, tare da jerin abu uku a gefen tebur. Ba zai iya yi wa kansa alkawarin awa biyu ba, amma minti 25 yakan samu, musamman idan oga ya shiga taro ko ya fita, kuma zagaye huɗu ko biyar da aka tsinta a wuni sun isa su motsa aikin da ya kwanta. Idan wanda ya katse shi abokin aiki ne ba na sama ba, "don Allah ba ni minti goma, zan same ka" magana ce da ba ta ɓata zumunci, muddin an cika ta. Idan kuma yana da babban aiki na kansa, kamar jarrabawar ƙarin girma ko karatun digiri na biyu, to ya nema masa yanki ɗaya tak a wajen sa'o'in kira. Mazauna Mararaba da Kubwa da yawa sukan fito da asuba domin su riga cunkoso, su iso ofis wajen ƙarfe bakwai su zauna hira ko karatun jarida har takwas da rabi. Wannan awa ɗaya da rabi, babu oga, babu baƙo, babu masinja, ita ce mafi tsadar lokaci a wunin ma'aikacin Abuja, kuma ita aka fi yin wasa da ita.

Darakta ko shugaban sashe kuwa killace lokaci ne nasa, domin yana da abin da na ƙasa ba shi da shi, wato sakatare a bakin ƙofa da ikon cewa ga lokacin ganin baƙi. Idan ya tsayar da cewa daga ƙarfe 8 zuwa 10 duba fayil yake yi, baƙi daga sha ɗaya, cikin mako biyu kowa zai saba, kuma na ƙasa da shi ma za su samu sararin da ba a kiransu. Agogon da yake bugawa kowane minti 25 ba shi da wani amfani a irin wannan kujera.

Mai aiki daga gida a Lugbe ko Gwarimpa, ko mai fassara ne ko mai zane ko mai haɗa manhaja, shi ma killacewa ta fi masa, amma wuta ce take yanka masa wuni ba oga ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace awa ta janareta kuɗi ce mai nauyi, kuma ba kowace unguwa ce take rukunin da aka yi wa alkawarin awa 20 na wuta a rana ba. Hikima ita ce aikin da yake buƙatar kwamfuta da intanet ya hau sa'o'in da aka fi samun wuta ko sola take da ƙarfi, karatu da tsara tunani a takarda su koma lokacin da aka ɗauke. Uwar da take aiki daga gida tana da yanki guda da ba ya canzawa, daga kai yara makaranta zuwa ɗauko su, kuma asara ce babba a cinye shi da wanke-wanke da amsa saƙonnin da za a iya yi yara suna gida.

Ɗalibi a Gwagwalada da yake shirin jarrabawa ya haɗa biyun: ya killace bayan asuba zuwa hantsi, ya yi tumatir a cikinsa, domin bita da hadda suna son hutu akai-akai. Idan ya kai ga rubuta kundin kammala karatu sai ya tsawaita zagayen zuwa minti 50 da hutun minti 10. Telan kasuwar Wuse ana saura mako biyu salla ba agogo ne matsalarsa ba, hannunsa ya riga ya san aiki. Matsalarsa fifiko ce da karɓar abin da ya fi ƙarfinsa, saboda haka abin da zai cece shi daga rigimar daren salla shi ne ya san kaya nawa yake iya gamawa a wuni, ya jera su bisa ranar alkawari, ya tara yanka wuri ɗaya da ɗinki wuri ɗaya, ya kuma iya cewa, "Hajiya, ki yi haƙuri, na rufe karɓa."

Duka tsarin biyu waya ɗaya take rusa su, kuma kashe ta gaba ɗaya ba ya yiwuwa ga wanda oga ko makarantar yara za su iya nema a kowane lokaci. Wayoyin zamani suna da saitin hana damuwa wanda yake barin kiran lambobin da ka zaɓa kawai ya shigo, sai a sa uku ko huɗu a toshe sauran. Rufe data na tsawon zaman ya fi kashe ƙara tasiri, saboda saƙon da bai shigo ba ba ya jan ido. Wanda zai yi tumatir kuma gara ya nemi agogon tebur ko ƙaramar waya mai maɓalli, domin ɗaga babbar waya da niyyar duba saura minti nawa shi ne mafarin rabin awa a Facebook.

Wanda har yanzu bai san rukunin da yake ciki ba, kada ya yi hasashe, ya auna. Ya ajiye takarda a gefen tebur daga Litinin zuwa Alhamis, duk lokacin da aka katse shi ya rubuta ƙarfe nawa ne da wanda ya katse shi, har da lokutan da shi ne ya katse kansa. Ranar Alhamis da yamma ya duba tazara mafi tsawo da yake samu ba a taɓa shi ba. Idan ba ta kai minti 40 ba, tumatir ne nasa, sai ya nemi yankinsa guda kafin ƙarfe takwas da rabi. Idan akwai awa ɗaya da rabi da take maimaituwa a lokaci guda kusan kullum, ya killace ta ya ba ta abu na ɗaya a jerinsa. Da yawa za su yi mamakin ganin cewa sunan da ya fi yawa a takardar nasu ne, ba na oga ba.

Juma'a ban sa ta a awon ba saboda wuni ne na daban. Daga sha biyu hankali ya koma masallaci, hanyoyin da suke kewaye da Babban Masallacin Ƙasa sukan cika, kuma ofisoshi da yawa ba sa komawa daidai bayan an sauko. Ba ranar da za a killace wa babban aiki ba ce. Safiyarta ta fi dacewa da zana gidaje huɗu na mako mai zuwa, da bin sawun fayilolin da suka maƙale a teburin wasu, da rubuta abu ukun da za a fara da su ranar Litinin. A watan azumi kuma tsarin duka yakan matsa gaba: yankin zurfin tunani ya koma bayan sahur zuwa hantsi, lokacin da kai yake garau, bayan azahar a bar wa ayyukan da hannu yake yi ba sai da dogon nazari ba, irin su jera takardu da amsa gajerun saƙonni, a zagaye na minti 15 idan 25 ta yi nauyi.